Kunnen Yari Mai Faci

Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa daga Aliero ya nufi kudu da ita ya san rumfar Yari mai faci. Tana bakin titi a nan Jega, daidai inda za ka miƙe hanyar Maiyama, ƙarƙashin wani dogon yaro da hayaƙin motoci ya baƙanta wa ganye. Babu wani abin kallo a cikinta, daga injin buga iska mai jan tanki sai bahon ruwa da aka yanko daga tsohuwar taya, sai tarin tayoyin da masu su suka ce za su dawo su ɗauka ba su dawo ba. Rumfar da ke jingine da ita tawa ce. Sunana Idris, buhunan zuba albasa nake sayarwa, kuma na zauna gefen Yari tun gemunmu yana baƙi har ya koma yadda yake yanzu.

Zumunci ne ya haɗa mu tun kafin kasuwa. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubashina ne, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Tun muna yara a Jiga Birni ban taɓa yi masa magana a miƙe ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. In na gan shi da sabuwar riga sai in tambaye shi wa ya rasu ya bar masa. In ya ga ina ciniki sai ya ce wa mai sayen ya duba gindin buhun da kyau, wai ɓera ma ya raina kayana. Mutanen bakin titi sun saba da mu, har in suka ji mun yi shiru sai su leƙo su ga ko lafiya.

Fadamar gidansu ba ta ishi 'yan'uwa duka ba, sai Yari ya bar wa yayyensa noman albasa ya kama gyaran keke. A nan ya fara sanin halin iska, da famfon hannu irin na da. Ina tuna ranar da ya kira ni kamar wanda ya yi tsintuwa, ya ce in toshe bakin famfon da babban yatsa, shi kuma ya danna. Da farko sandar ta sauka salin-alin, tana kaiwa rabi ta fara gardama, can ƙasa kuwa ta ƙi sam. Yana sakinta ta yi tsalle ta komo sama. Ya ce iskar ba ta ragu ba, wuri ne ya yi mata kaɗan, kuma gwargwadon yadda ka matse ta gwargwadon yadda take ture ka. Sannan ya yi ta dannawa ya sa na taɓa gindin famfon, na ji shi da zafi alhali babu wuta a kusa. Na ce masa kaico, mutum ya bar gona ya zo yana kokawa da abin da ba a gani. Bai kula ni ba, kuma daga keke ya hau babur, daga babur ya kai manyan motoci.

Abin da ya ɗaga sunansa kunne ne. Yana da wani guntun ƙarfe da hannu ya goge har yana ƙyalli. Mota na tsayawa zai zagaya ta yana bugun tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai. Tayar da ta ƙoshi tana amsawa da ƙara mai tsauri, wadda ta sace kuwa tana amsawa a dushe kamar ka bugi buhun dusa. Wannan kowa zai iya ganewa, ko da hannu ma. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai muryoyi masu yawa da Yari kaɗai yake rarrabewa. Inda abin ya fi amfani shi ne tagwayen tayoyin baya. In ta ciki ta yi sanyi ido ba ya gani, domin ta waje tana ɗauke mata nauyi tana rufa mata asiri, bawul ɗinta, wato bakin zuba iska, yana can a lungu, laka ta daskare a kansa. Direba mai sauri ba zai kwanta ƙarƙashin mota yana lalube ba. Sai ya tsaya wurin Yari, a buga, a ce masa tafi ko tsaya.

Da sanyin safiya yake son ba taya iska, kuma ba ya cika ta ta yi tam, yana bar mata wurin tashi. Yakan ce iskar da ka zuba da hantsi ita ce dai za ka tarar da azahar, ko ɗis ba a ƙara ba, amma kwalta ta gasa ta, ta motsa, tana neman wurin da ya fi wanda aka ba ta, taya kuwa ba ta da inda za ta ƙara mata. A kan wannan ya fi yin rigima da direbobi. Sai mutum ya iso da rana tsaka, gumi har gwiwa, ya doki tayarsa da ƙafa.

"Yari, rage mani iskag ga, taya ta yi tauri awa dutse."

"Ba ni rage ta. Aza hannunka bisa. Ka jiya? Zahi na ya tashe ta, ba yawa ta yi ba. In na rage ta yanzu, da marece in ta huce sai ka iske ta kwance. Tahi inuwa ka sha ruwa, ita ma ta huta."

Wasu su yi tsaki su wuce gaba inda za a yi musu abin da suke so. Shi kuwa sai ya juyo gare ni, kamar ni na yi laifin, ya sake karanta mini karatun da na haddace tun tuni. Wai tayar da iska ta yi wa kaɗan ta fi mai yawa haɗari. A ƙarƙashin lodi tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, kamar fata a hannun majemi. Wannan murzar ita ke haifar da zafi, zafin ya tayar da 'yar iskar da ta rage a ciki, ga roba ta riga ta yi laushi, sai ka ji ƙara. Nakan ce masa da ya ba gona rabin wannan hankali da yanzu yana da motar kansa.

Kunnensa na hagu ya daɗe da tafiya. Wani ne ya kawo safaya da aka buga wa iska fiye da kima a wani wuri, ya jingina ta da kwanon rumfa cikin ranar bazara, ya tafi neman abinci. Yari ya sunkuya kusa da ita yana wanke hannu a baho, ta fashe. Daga masallaci na ji ƙarar. Na tarar da shi zaune a ƙasa, jini na bin gefen wuyansa, yana tambayar wa ya kashe injin, alhali injin yana ta ruri. Bayan ya warke sai ya koma karkata kunnen dama, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ni kuma na samu sabon abin tsokana. Daga ranar na raɗa masa suna Kurma, da shi nake kiransa safe da yamma, har baƙi suna zaton sunan yanka ne.

Bara waccan na fara lura da abin da bai yi mini daɗi ba. Sai a kira salla bai motsa ba, sai ya ga mun miƙe. In kana masa magana bakinka yake kallo, ba idonka ba. Da can daga zaune yake jin tif na tsiyaya, ya ɗora yatsa a kan hudar, yanzu kowanne sai ya tsoma shi a baho ya jira kumfa. Shekara da shekaru yana zaune gindin inji mai ruri, na san ba a banza za su wuce ba. Rannan na shiga gidansa gaisuwa, matarsa Kulsum ta biyo ni har zaure ta rage murya, ko da yake ba ta buƙatar ragewa.

"Malam Idi, ɗan'uwanka ba shi ji. Ya tahi asibiti a ɓoye, sun ce mai ba datti na ba, kunnen na ya gaji. Ni ba ni iya tada mai zancen. Kai ka zama da shi, ka yi mai magana."

Na sayi sabon geji a kasuwa, na jira wata la'asar da babu kowa a rumfar, na ajiye masa a kan cinya. Na matso kusa da kunnensa na ce ya riƙa auna kowace taya da shi, ko da zai kwanta a ƙasa ne ya lalubo bawul. Ya juya gejin, ya yi dariya, ya ce in na gaji da buhu ne in faɗa masa ya koya mini faci. Na ce ba wasa nake ba. Sai dariyar ta ɗauke. Ya mayar da ido kan titi ya ce:

"Idi, masu hwaci sun cika titin ga, kowa da inji sabo. Abin da ka kawo mutane nan kunnen ga na. Ran da sunka gane ba ni ji, mi ya rage mani?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, domin gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta hana haɗarin zama haɗari. Ya rataye gejin a ƙusa, yana amfani da shi in babu mai kallo. In akwai jama'a kuwa sai ya ɗauki ƙarfensa, ya buga, ya karkata kai kamar kullum, yana dogara da abin da hannunsa ya ji da abin da idonsa ya gani. Tsawon watanni Allah ya rufa asiri.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, zafin bazara ya kai inda ya kai, kwalta har tana kama takalmi. Hantsi ya ɗaga sosai sai ga Murtala, mijin 'yarsa Zinatu, da babbar mota shaƙe da albasar mutanen Danwarai, zai kai kudu. Yaro ne mai kunya ƙwarai, irin wanda ba ya haɗa ido da suruki. Ya sauko, ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaida Yari kansa a ƙasa. Ya ce tun daga Aliero yake jin motar tana ɗan rinjaya gefen dama, ko Baba zai duba masa. Na tabbata Yari bai ji ko kalma ɗaya ba, hannun da Murtala ya nuna baya da shi ya bi. A kan benci kuwa direbobi ne zaune suna jiran a gama musu aiki, duk suna kallo.

Yari ya ɗauki ƙarfen ya fara zagayawa. Da ya iso tagwayen dama ya zura hannu ya bugi ta ciki. Ni da ba sana'ata ba ce, daga rumfata na ji ba ta amsa kamar 'yan'uwanta ba. Ba ta sace ba, amma muryarta ta dushe. Yari ya karkata kai, ya sake bugawa, na dubi fuskarsa na ga babu komai a cikinta. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Lahiya lau take. Allah shi kiyaye hanya."

Na tashi tsaye, buhu a hannuna. Na ce, "Murtala, kak ka tahi. Kurma na, bai ji komi ba. Ta cikin ga ba ta da iska."

Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce to, sun fara, yau da wuri. Na rantse da Allah, dariyar ta ƙaru, wai yau wasan har da rantsuwa. Yari ya ga bakuna a buɗe, ya san da shi ake, sai shi ma ya yi dariya ya ce kada a kula ni, tun safe ban sayar da ko buhu ɗaya ba. Ban taɓa jin takaici irin na wannan rana ba. Shekarun da na yi ina kiransa kurma su suka cinye maganar, ranar da ta zama gaskiya babu mai saye.

Murtala kaɗai bai yi dariya ba. Direba ne, shi ma ya ji abin da na ji, na ga idonsa ya sauka kan ƙarfen. Amma ta yaya mutum zai karɓi ƙarfe daga hannun surukinsa a gaban jama'a, ko ya ce a kawo geji bayan dattijo ya ce lafiya lau? Ba zai iya zuwa wurin wani mai faci a cikin Jega ba kuma, domin kafin ya gama labari ya zagaya titi. Da zai hau mota ya raɓo ta gefena ya ce mini a hankali, "Baba Idi, in na yi gaba inda ba a san ni ba, ni sa a duba." Na ce ya tafi sannu, ya ce to.

Bai kai inda zai sa a duba ba. Wajen Kuberi, a ƙasar Maiyama, rana na tsaka, tayar ciki ta yi abin da Yari ya shekara yana gargaɗin mutane a kansa. Ta murzu ta yi zafi, iskar cikinta ta tashi, ta fashe. Ta waje ta ga nauyi ya dawo kanta ita kaɗai, ita ma ta bi. Motar ta karkace ta kwanta a gefen hanya, albasar mutane ta watse har cikin gonaki. An ciro Murtala da rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye a wuri fiye da ɗaya. Aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero. Sun ce ƙashi zai haɗe in Allah ya so, amma batun taka birki da wannan ƙafa a manta da shi.

Babu wanda ya ambaci sunan Yari. Aka ce ƙaddara ce, aka ce lodi ya yi yawa, aka ce tayar tsohuwa ce, kuma duk gaskiya ne. Waɗanda suka yi dariya a kan benci suka koma kawar da kai in sun gan ni. Ni kuwa fushi nake da kowa, da shi fiye da kowa, na yi kwanaki ban ce masa uffan ba. Yana zuwa rumfar ya zauna, in mota ta tsaya sai ya nuna mata gaba da hannu.

Wata safiya ya zo bai tayar da inji ba. Akwai sauran iska a tankin tun ta kwanakin baya. Ya durƙusa ya buɗe famfon da ke ƙasansa gaba ɗaya. Jan ruwa mai tsatsa ya fara fesowa, sannan iskar ta biyo da ƙarar da ta kori awakin da ke kwance gindin bishiya, mai shayi na tsallaken titi ya toshe kunne. Yari ko gezau bai yi ba. Ya tara tafin hannunsa a bakin famfon, ya kira ni da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Idi, taho ka taɓa. Da zahi ta shiga, ga ta tana hita da sanyi."

Na taɓa bakin ƙarfen, na ji shi da sanyi har ya yi raɓa. Muka tsaya a wurin har tankin ya zama fanko. Ya ɗaure igiyar injin, ya lulluɓe shi da buhu ɗaya daga cikin nawa ba tare da ya tambaye ni ba, sannan ya ce in raka shi Aliero.

Mun tarar da Murtala kwance a kan tabarma a wani ɗaki na gidan mai ɗorin, ƙafar a naɗe da karare da tsumma. Zinatu na ganin mahaifinta ta gaishe shi ta fice. Murtala ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. Yari ya durƙusa a bakin tabarmar, irin durƙuson da bai kamata suruki ya yi wa mijin 'yarsa ba, ya yi magana da muryar da duk mutanen tsakar gida suka ji.

"Ban ji tayar ba. Na daɗe ba ni ji. Na buga, ban ji komi ba, nic ce maka lahiya lau don mutane na kallo. Ka yahe mani."

Kunya ta rufe Murtala. Ya juyar da fuska wajen bango, ya sunkuyar da kai, ya amsa ƙasa-ƙasa yadda ya saba yi masa magana. Ya ce babu komai, ya yafe duniya da lahira, ai shi ma ya ji tayar kuma shi ya ja motarsa ya tafi. Na ga Yari ya miƙa kunnen dama, na ga idonsa yana neman bakin yaron, baki kuwa yana fuskantar bango. Shi ba zai ce a maimaita ba, yaron kuma ba zai ɗaga murya ko ya dube shi ido da ido ba. Muka ɗan zauna, muka yi addu'a, muka fito.

Sai da muka kai bakin titi muna jiran mota ya kama hannun rigata.

"Mi yac ce?"

Na juyo na fuskance shi, na faɗa masa dalla-dalla, na sake faɗa a cikin kunnensa. Ya daɗe yana kallon bakina.

"Tun muna yara ba ka taɓa hwaɗa mani magana yadda take ba," in ji shi. "Yau na za ka hwara?"

Yanzu yana Jiga Birni, yana taya yayyensa da suka rage tsince albasa a inuwa. Wani ya karɓi rumfar, yana aiki da geji, babu laifi. Kulsum ta gaya wa Yari abin da Murtala ya ce, Zinatu ma ta gaya masa, ya ce tausayinsa suke ji. Murtala kansa yana zuwa gaisuwa da sandarsa, ya zauna daga nesa kansa a ƙasa, ya yi magana a hankali ya tafi. Na daina kiran Yari da sunan da na raɗa masa, na daina tsokanarsa gaba ɗaya, wannan ma ya ɗauke shi alamar akwai abin da nake ɓoyewa. Duk lokacin da na je, in mun gama gaisawa sai ya jira mutane su ragu, ya matso kusa ya tambaye ni abin da yaron ya ce a ɗakin nan, ni kuma in sake faɗa masa.